Bambancin Ciwon Asma da Ciwon Toshewar Huhu: Misali Daga Garin Fau na Ƙasar Sudan

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce wane yana da fuka, yana nufin mutumin yana fama da sarƙewar numfashi, ƙirjinsa yana kuka, kuma yana tari. Kalmar ta bayyana abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji, amma ba ta faɗi musabbabin ciwon ba. A wajen likitoci kuwa, akwai cututtuka biyu mabambanta da ke fakewa ƙarƙashin wannan kalma ɗaya. Na farko shi ne ciwon asma. Na biyu shi ne ciwon toshewar hanyoyin iska mai daɗewa, wanda likitoci suke taƙaita sunansa da haruffan COPD, a wannan takarda kuma za a riƙa kiran sa toshewar huhu. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Cututtukan sun yi kama a fuska, amma asalinsu daban, tafiyarsu daban, maganinsu ma daban.

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda ake bambance su da yadda ake maganin kowanne. An ɗauki garin Fau a matsayin misali saboda Hausawa suna zaune a yankinsa, kuma abubuwan da ke haddasa cututtukan biyu duk sun haɗu a can. Batun ya shafi ɗalibin harshe kai tsaye, domin shi ne ake nema ya yi tafinta a asibiti ko ya fassara takardar faɗakarwa, kuma kamar yadda za a gani, babban kaso na bambancewar yana cikin maganar da majiyyaci ya yi da bakinsa.

2.0 Garin Fau da Hausawan Sudan

Fau gari ne a Jihar Gadarif da ke gabashin Sudan, a kan babbar hanyar da ta haɗa Wad Madani da birnin Gadarif. A nan ne hedikwatar shirin noman rani na Rahad, wanda aka buɗe a shekarar 1977 a kan fili mai faɗin kimanin fadan 300,000. Fadan ma'aunin gona ne da ya ɗara eka ɗaya da kaɗan. Ana noma auduga da gyaɗa da dawa a gonakin shirin, sannan a gabas da shi akwai manyan gonakin damina na Gadarif, waɗanda suka shahara da dawa da riɗi.

Zaman Hausawa a Sudan ya samo asali ne daga tafiya aikin Hajji a ƙasa, inda ayari kan yada zango ya yi noma ko sana'a don neman guzuri, wasu kuma zangon ya zama gida. Bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, wanda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a cikinsa, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin Jazira a shekarar 1925, Hausawa da sauran mutanen Afirka ta Yamma sun shiga aikin auduga sosai, kuma zuriyarsu ta bazu har Gadarif da Kasala.

Iskar wannan yanki tana ɗauke da abubuwa da dama masu wahalar da huhu. Akwai guguwar ƙura da mutanen Sudan ke kira habub, wadda takan taso kafin saukar ruwa. Akwai ƙaiƙayin dawa lokacin sussuka, da ƙurar auduga, da maganin feshi na gona. A cikin gida kuma akwai hayaƙin itace da gawayi, musamman wajen tuyar kisira, wato fanken dawa mai faɗi da ake ci yau da kullum. Akwai turaren wuta, da al'adar matan Sudan ta zama a kan hayaƙin itacen ƙamshi da suke kira duhan. Masu gasa agashe, naman da Hausawa suka yi suna da shi a Sudan, su ma sukan wuni a gaban hayaƙi.

A kan wannan kuma sai yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023. A watan Disamba na shekarar, dakarun RSF suka kama Wad Madani, birnin da mutanen yankin suka dogara da manyan asibitocinsa, jama'a masu yawa suka yi gudun hijira gabas ta hanyar Fau. Sojojin gwamnati sun karɓe birnin a watan Janairu 2025. A irin wannan hali magani yakan yi wuya ya yi tsada, saboda haka kuskuren sayen maganin da bai dace da ciwo ba asara ce ta kuɗi da ta lafiya gaba ɗaya.

3.0 Kalmomin da Suka Shafi Numfashi

Kafin a shiga bayanin cututtukan, ya kamata a tantance wasu kalmomi. Haki shi ne numfashi da sauri bayan gudu ko aiki, kuma mai lafiya ma yana yin sa. Sarƙewar numfashi ita ce mutum ya ji iska ta ƙi shiga ko ta ƙi fita. Kukan ƙirji shi ne ƙara mai kama da fito da ake ji idan iska tana matsawa ta ƙunƙuntar hanya. Kaki shi ne majinar da ake tarowa daga ƙirji, ya bambanta da majinar hanci.

Kalmar da ta fi jawo ruɗani ita ce fuka. A bakin mutane da yawa fuka tana nufin asma, amma tarin fuka a Hausar asibiti da ta rediyo yana nufin tibi, cutar da ƙwayar cuta ke kawowa, mai yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Asma ba ta yaɗuwa, haka ma toshewar huhu. Idan tafinta ya haɗa fuka da tarin fuka, yana iya sa a ƙyamaci wanda ba ya ɗauke da cuta mai yaɗuwa, ko kuma a bar mai tibi yana shaƙar maganin asma yana yaɗa cutar a gida. A Sudan akwai ƙarin wata kalma, domin a Larabcin ƙasar ana kiran asma da azma, kalmar da asalin ma'anarta ita ce ƙunci ko matsi, kuma mutane sukan yi amfani da ita ga kowace irin sarƙewar numfashi.

4.0 Abin da Ke Faruwa a Cikin Huhu

Iskar da mutum ya shaƙa tana bin maƙogwaro, ta rabu biyu zuwa huhun dama da na hagu, sannan hanyoyin su yi ta rassa kamar bishiya suna ƙara sirancewa, har su ƙare a 'yan ƙananan jakunkunan iska masu yawan miliyoyin ɗaruruwa. A waɗannan jakunkuna ne iskar oksijin take shiga jini. Babban mutum mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya idan yana hutawa.

4.1 Asma

A ciwon asma, bangon hanyoyin iska yana cikin kumburi ko da mutum yana jin ƙalau, kuma hanyoyin suna da saurin fushi. Da zarar ƙura ko hayaƙi ko sanyi ko mura ko ƙamshi mai ƙarfi ya taɓa su, sai naman da ya kewaye su ya tsuke, bangon ya ƙara kumbura, kaki ya taru. Abin lura shi ne wannan tsukewa tana warwarewa, ko da kanta ko da magani, huhu ya koma kusan yadda yake. Ciwon yakan fara tun ƙuruciya, ko da yake yana iya kama babba, kuma sau da yawa akan samu wani a dangi mai irinsa, ko mai yawan atishawa da ƙaiƙayin hanci da ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma, kuma ta kashe mutum 455,000, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda ba a gano ciwon da wuri ko ba a samun maganin da ya dace.

4.2 Toshewar Huhu

Toshewar huhu kuwa ɓarna ce da ta taru cikin shekaru masu yawa na shaƙar hayaƙi ko ƙura. Ƙananan hanyoyin iska sukan yi tabo su ƙuntata, bangon jakunkunan iska ya yayyage, huhu ya rasa talewarsa kamar tsohuwar roba. Iska ta shiga, amma fitarta ta zama aiki. Ɓarnar da ta riga ta auku ba ta gyaruwa. Ba kasafai ciwon yake bayyana kafin shekara 40 ba. A shekarar 2021 ya kashe mutum miliyan 3.5 a duniya, wato ya zo na huɗu a jerin abubuwan da suka fi kisa.

A ƙasashen Turai da Amurka shan taba ne ke haddasa fiye da kashi 70 cikin ɗari na wannan ciwo. A ƙasashe masu tasowa kason taba bai wuce 30 zuwa 40 cikin ɗari ba, hayaƙin girki yana da nasa babban kaso. Wannan ne ya sa ake samun tsohuwar da ba ta taɓa kai sigari baki ba amma huhunta ya toshe, domin ta yi shekara 40 tana durƙushe a gaban murhu cikin ɗaki marar taga. Tsohon tibi da ya warke ya bar tabo, da rashin abinci mai gina jiki a yarinta, da asmar da aka daɗe ba a kula da ita ba, duk suna iya kai mutum ga wannan ciwo.

5.0 Yadda Ake Bambancewa

5.1 Labarin Majiyyaci

Ɗalibin nahawu ya san bambancin lokaci sabau, mai ɗauke da -kan, da lokaci mai ci, mai ɗauke da -na. Wannan bambanci yana da amfani a nan. Mai asma yakan ba da labarinsa da kalmomin tashi da lafawa, mai toshewar huhu kuwa da kalmomin ci gaba da ƙaruwa. Ga misalin hira biyu da za a iya ji a ɗakin shan magani:

Ma'aikaci: Inna, yaushe abin yake kama yaron?
Uwa: Yakan tashi masa ne da dare, wajen asuba. In an yi habub ko ana sussuka sai ya tashi. In ya lafa kuma sai ka ga yana ƙwallo kamar ba shi ba.

Ma'aikaci: Hajiya, sannu da jiki. Tun yaushe kike wannan tari?
Hajiya: Ɗana, ai na manta farkonsa. Kullum yana nan, da safe sai na fitar da kaki. Bara ina zuwa kasuwa da ƙafata, bana ko alwala na yi sai na zauna na huta.

A hira ta farko akwai ƙuruciya, da tashi da dare, da abin da ke tayar da ciwon, da lafiya ƙalau tsakanin tashi da tashi. Waɗannan alamun asma ne. A ta biyu akwai shekaru, da tari mai kaki na kullum, da haki da ke ƙaruwa shekara bayan shekara. Waɗannan alamun toshewar huhu ne. Idan tafinta ya dunƙule maganganun biyu ya ce wa likita kowannensu yana da matsalar numfashi, ya zubar da abin da likitan ya fi bukata. Haka kuma tambayar ko mutum yana shan taba ba ta wadatar ba. Sai an tambayi shekara nawa aka yi ana girki da itace, a ɗaki ake yi ko a tsakar gida, da irin sana'ar da aka yi. Ga wanda ya yi aiki inda ake gurzar auduga, akwai wani ciwon ƙurar auduga da ke sa ƙirji ya ɗaure a ranar farko ta komawa aiki bayan hutu, kuma an daɗe da sanin sa a masana'antun auduga na Sudan.

5.2 Awon Numfashi

Abin da ke tabbatar da zato shi ne na'urar awon numfashi da ake kira sifiromita. Majiyyaci zai cika ƙirjinsa da iska, ya hura cikin na'urar da iyakar ƙarfinsa har iskar ta ƙare. Na'urar tana auna iskar da ta fita a daƙiƙa ta farko, da jimillar duk wadda ta fita. Sai a ba shi maganin buɗe hanyar iska ya shaƙa, a jira kamar minti 15, a sake awo. Idan iskar daƙiƙar farko ta ƙaru da fiye da kashi 12 cikin ɗari, kuma ƙarin ya wuce mililita 200, wannan ya ƙarfafa zaton asma. Idan kuwa bayan maganin iskar daƙiƙar farko ba ta kai kashi 70 cikin ɗari na jimillar ba, to toshewar ta zauna.

Ƙananan asibitocin karkara ba kasafai suke da wannan na'ura ba. Akwai wani ɗan ƙaramin bututun awo mai araha da ke nuna ƙarfin hurawa kawai. Idan aka rubuta awonsa safe da yamma har mako biyu, na mai asma yakan yi ta hawa da sauka, na mai toshewar huhu kuwa yakan tsaya ƙasa. Akwai kuma mutanen da ke da alamun cututtukan biyu a tare, alal misali mai asma tun yarinta da ya girma yana shan taba. Irin waɗannan ana yi musu magani da la'akari da asmar.

5.3 Cututtuka Masu Kama

Duk wanda ya yi tari na mako biyu ko fiye, musamman da zazzaɓi, da gumin dare, da rama, ko jini a kaki, sai an gwada kakinsa don neman tibi kafin a ce asma ce ko toshewa. Ciwon zuciya ma yana kawo haki, amma yakan zo da kumburin ƙafa da kasa kwanciya rigingine. Ƙarancin jini shi ma yana sa haki ba tare da kukan ƙirji ba.

6.0 Magani

6.1 Maganin Asma

Magungunan shaƙa iri biyu ne. Akwai mai buɗe hanya nan take, wato salbutamol, wanda aka fi sani da sunan kasuwa Ventolin, galibi a shuɗin gwangwani. Akwai kuma mai kashe kumburi, kamar beklometason ko budesonid, wanda ba a jin aikinsa nan take, amma shi ne ke hana ciwon tashi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne dogara da shuɗin kaɗai, domin yana kawo sauƙi cikin mintoci, alhali kumburin yana nan yana ƙaruwa. A shekarar 2019 kwamitin duniya mai tsara ƙa'idojin maganin asma, GINA, wanda aka kafa a 1993, ya daina ba da shawarar yi wa manya da matasa magani da salbutamol kaɗai. Ya ce a haɗa da mai kashe kumburi, kuma ya fifita inhela guda mai haɗe da budesonid da formoterol. Wanda yake bukatar shuɗin fiye da sau biyu a mako, ko ciwon yana tashin sa daga barci, asmarsa ba ta kwanta ba. Wasu masu asma kuma asfirin da ibufurofen suna tayar musu da ciwon, haka ma wasu magungunan hawan jini irin su furofuranolol.

6.2 Maganin Toshewar Huhu

A nan babban magani shi ne raba huhu da abin da ke cin sa. Mai shan sigari ko shisha ya daina, mai girki ta fitar da murhu fili ko a buɗe wa ɗakin mafitar hayaƙi, a koma gas idan da hali. Wannan ba zai maido da abin da ya lalace ba, amma yana rage saurin lalacewar abin da ya rage. Maganin shaƙa na farko shi ne mai buɗe hanya mai dogon aiki, kamar tiyotirofiyom, wanda ake shaƙa sau ɗaya a rana. Mai kashe kumburi ba kowa ake ba ba, sai wanda ciwon ke yawan tsananta masa kuma gwajin jini ya nuna zai amfana, saboda yana ƙara haɗarin ciwon nimoniya ga masu wannan cuta. Tafiya a ƙasa kullum gwargwadon ƙarfi, da koyon fitar da numfashi a hankali ta tsukakken baki, da allurar rigakafin mura da nimoniya, duk suna taimakawa. Idan aka kwantar da irin wannan majiyyaci, akan ba shi oksijin da awo, a tsayar da ma'aunin jininsa tsakanin kashi 88 da 92, domin yawansa yana iya cutar da shi.

Daga nan za a ga haɗarin musanya ciwon. Mai asma da aka ba mai buɗe hanya mai dogon aiki shi kaɗai, ba tare da mai kashe kumburi ba, yana cikin haɗarin tashin da zai iya kashe shi. Mai toshewar huhu da aka ɗauka mai asma ne kuwa zai yi ta sayen maganin da amfaninsa kaɗan ne gare shi, yana kuma ci gaba da zama cikin hayaƙi.

6.3 Amfani da Inhela

Mutane da yawa suna gudun inhela bisa zaton cewa wanda ya fara ba ya dainawa, ko kuma maganin ƙarshe ce ta wanda ciwonsa ya yi nisa, sai su zaɓi ƙwaya ko allura. Gaskiyar ita ce maganin shaƙa yana zuwa huhu kai tsaye, don haka ɗan kaɗan yake wadatarwa, illarsa ga sauran jiki kuma ba ta kai ta ƙwaya ba. Ƙwayoyin firedinisolon da deksametason suna ceton rai idan ciwo ya tsananta kuma likita ya rubuta su na 'yan kwanaki, amma shan su wata da watanni yana jawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi.

Yara da tsofaffi sukan kasa daidaita fesawa da shaƙa. Akwai bututu na musamman da ake sawa tsakanin inhela da baki. Binciken da Farfesa Heather Zar da abokan aikinta suka yi a birnin Cape Town, wanda aka buga a 1999, ya nuna cewa gorar roba mai cin rabin lita, idan aka huda gindinta aka cusa bakin inhela a ciki, tana yin aikin da bututun kanti yake yi. Bayan shaƙar mai kashe kumburi sai a kurkure baki. Idan kuwa majiyyaci ya kasa gama jimla ɗaya saboda haki, ko leɓɓansa sun canza launi, ko ya fara magagi, ko shuɗin inhela bai yi aiki ba, a garzaya da shi asibiti ana ci gaba da fesa masa a hanya.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa kalmar fuka a Hausa, da azma a Larabcin Sudan, suna rufe cututtuka biyu. Asma tana tashi tana lafawa, kuma ginshiƙin maganinta shi ne mai kashe kumburi da ake shaƙa. Toshewar huhu tana ƙaruwa sannu a hankali, kuma ginshiƙin maganinta shi ne barin hayaƙi da shaƙar mai buɗe hanya mai dogon aiki. A wuri irin Fau, inda na'urar awo ba ta kusa da kowa, tambayoyi huɗu ne suke ɗaukar nauyin aikin: yaushe ciwon ya fara, yana lafawa ko kullum yana nan, mene ne yake tayar da shi, kuma wane hayaƙi ko ƙura aka shaƙa, na shekara nawa. Ɗalibin da ya tsinci kansa tsakanin likita da majiyyaci, aikinsa shi ne ya isar da amsoshin nan yadda aka faɗe su, ya bar yakan a matsayin yakan, yana kuma a matsayin yana.